Mai batirin zuciya da hoton MRI: ana yi ko ba a yi?

Akwai wata matsala da take yawan faruwa a garin nan namu na Kaduna, kuma na lura mutane da yawa basu san bakin zarenta ba. Dattijo ne ko dattijuwa an sa masa batir a zuciya shekaru uku ko biyar da suka wuce, ya samu sauƙi, jiri ya tafi, faɗuwa ta tsaya, sai kuma wani ciwon daban ya taso, ko baya ya riƙe ciwon yana saukowa har ƙafa, ko hannu ya fara mutuwa, ko wani ciwon kai da ya ƙi jin magani. Likita ya duba ya rubuta a je a yi MRI. 'Ya'ya su haɗa kuɗi da ƙyar, a ɗauki Baba a kai shi wurin hoto, ana miƙo fom ɗin cikewa tambayar farko ita ce akwai pacemaker a jikinka? Da an ce eh sai mai ɗaukar hoton ya ajiye biro yace kuyi haƙuri ba a yi. Shikenan a dawo gida, takardar ta shige ƙasan katifa, ciwo kuma yaci gaba da cin mutum. Wasu kuma, kuma wannan shi yafi tayar min da hankali, idan aka kore su a wuri ɗaya sai wani ɗan uwa ya bada shawara wai idan kunje wuri na gaba kar ku faɗa musu akwai batir, ai minti ashirin ne kawai. Dan Allah jama'a kar wanda ya kuskura yayi haka. Wannan ɓoyewar ita ce hanyar da MRI yake kashe mai batir.

Magana ta gaskiya ita ce yau a duniya mafi yawan masu batirin zuciya suna iya yin MRI lafiya lau, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba na ado bane. Mai hoton da yace ba a yi, sau da yawa abinda yake nufi shi ne mu nan bamu da kayan aiki da mutanen da za a yi shi da su, kuma in haka ne gaskiyarsa, gara ya ƙi. Inda ake samun giɓi shi ne ba a ce wa iyalin ku koma wurin likitan zuciya akwai hanya.

Bari mu fara da shi batirin. Abinda muke kira batir ɗin nan ɗan akwati ne ƙarami na ƙarfen titaniyom, a ciki akwai batir na gaske da 'yar kwamfuta, ana saka shi ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta hagu kusa da kafaɗa. Daga jikinsa waya ɗaya ko biyu, wani lokacin uku, suke bi ta cikin jijiyar jini har su shiga cikin zuciya, bakin wayar ya maƙale a naman zuciyar. Aikinsa biyu ne, yana saurare kuma yana bugawa. Kamar inbata ne a gida, in NEPA na nan yayi shiru, da an ɗauke ya kawo wuta. Idan zuciya ta buga da kanta zai ji ta wayar nan sai ya bari, idan ta yi jinkiri sai ya tura 'yar wuta kaɗan ta buga. Akwai waɗanda zuciyarsu tana iya aikinta mafi yawan lokaci, batirin gadi kawai yake, akwai kuma waɗanda kusan kowane bugu batirin ne yake bayarwa, in ya tsaya na 'yan daƙiƙu sai suma. Wannan bambancin ku riƙe shi domin shi ne abu na farko da likita zai so ya sani kafin a yi maganar MRI.

Shi kuma MRI ba irin eksire ko CT bane, baya amfani da hasken nan mai ratsa jiki. Maganaɗisu ne, mayen ƙarfe, babba na fitar hankali. Ana auna ƙarfinsa da Tesla, injinan da aka fi amfani da su a manyan asibitoci Tesla 1.5 ne ko Tesla 3, kuma Tesla 1.5 ɗin nan ya ninka maganaɗisun ƙasa da muke takawa wajen sau dubu 30. Abinda mutane basa sani, maganaɗisun nan baya mutuwa don an gama hoto ko don an tashi aiki, dare da rana yana nan a kunne, ko NEPA ta ɗauke yana nan. A 2001 a Amurka tukunyar iskar oksijin ta fizge daga hannun mutum ta shige cikin injin ta kashe wani yaro ɗan shekara shida da ake wa hoto. To bayan wannan babban maganaɗisun akwai wasu ƙanana da suke kunnuwa suna mutuwa da sauri sosai lokacin hoto, su ne suke wannan ƙarar ƙwanƙwasar da take cika kunne, sannan akwai igiyar rediyo mai ƙarfi da ake harbawa cikin jiki, a injin Tesla 1.5 tana kan megahaz 64. Abu uku kenan, kuma kowanne da irin rigimar da yake yi da batir.

Yawancin mutane abinda suke tsoro shi ne injin zai fizgo batirin daga ƙirji. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin matsalolin. Titaniyom baya bin maganaɗisu, abinda yake bi a cikin batirin zamani kaɗan ne, kuma bayan 'yan makonni da aiki nama ya riga ya kewaye shi ya riƙe. Wani zai ɗan ji kamar ana jan wurin, iyakaci kenan.

Haɗarin gaske yana cikin saurare da kuma waya. Ka tuna nace batirin yana sauraron zuciya. To hayaniyar lantarkin da injin MRI yake yi tana iya shiga wayar, batirin ya ɗauka zuciya ce take bugawa, sai yayi shiru alhali zuciyar bata buga ba. Ga wanda ya dogara da batir ɗari bisa ɗari ka ga abinda zai faru, kuma yana kwance cikin ramin injin babu mai ganin fuskarsa. Ko kuma akasin haka, batirin ya rikice ya dinga bugawa da gudu yana bin hayaniyar. Sannan tsofaffin batira suna da wani ɗan makunni a ciki da maganaɗisu yake rufewa, an yi shi ne da gangan don likita ya iya ɗora ƙaramin maganaɗisu a ƙirji ya canza yadda batirin yake aiki, amma a cikin MRI babu tabbas zai rufe ko zai buɗe, ya danganta da yadda mutum ya kwanta. Idan ya rufe batirin zai dinga bugawa ba tare da saurare ba, in kuma zuciyar mutum tana nata bugun sai su yi karo, bugun batir ya faɗo daidai lokacin da zuciya take hutawa tsakanin bugu da bugu, wannan kan iya jefa ta cikin karkarwar da take kashewa cikin mintuna. Akwai kuma abinda ake kira riset, wato kwamfutar ta ɗauke ta dawo kan saitin kamfani ta manta saitin da likita yayi wa wannan mutumin.

Ita kuma waya, doguwar waya ce ta ƙarfe a cikin jiki, igiyar rediyon nan tana kama ta ta zama eriya, ƙarfin ya taru a bakinta, daidai inda take taɓa naman zuciya, wurin yayi zafi. Idan zafin yayi yawa naman wurin zai ƙone kaɗan yayi tabo, kuma nama mai tabo baya jin 'yar wutar batir kamar da, sai an ƙara ƙarfi. Mutum bazai ji wannan zafin ba ballantana yace a tsaya. Shi yasa ake ƙayyade ƙarfin igiyar rediyon ga mai batir, ba a sakar masa ita kamar kowa.

Ba daga sama dokar hanawa ta faɗo ba. An yi asarar rayuka a shekarun baya. A Jamus an tattara labarin mutum shida masu batir da suka rasu a wurin MRI tsakanin 1992 da 2001, kuma abinda ya haɗa su shi ne babu wanda yake lura da bugun zuciyarsu lokacin hoton. Daga irin wannan ne aka koya wa duk mai ɗaukar hoto a makaranta cewa pacemaker da MRI basa haɗuwa, kuma wallahi a lokacin daidai ne. Sai dai an ƙiyasta cewa rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na masu batir zasu buƙaci MRI wata rana, domin yawanci manya ne, su ne masu ciwon baya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon daji, matsalar mafitsara. Ba zai yiwu a rufe musu ƙofa har abada ba. Sai kamfanoni suka koma suka sake ƙira, aka rage ƙarfen da yake bin maganaɗisu, aka canza wancan makunnin, aka sa matatar da take tare hayaniya, aka sake naɗin wayar don ta rage ɗaukar zafi, aka kuma ƙara wani saiti na musamman na ranar MRI. Kamfanin Medtronic ne ya fara fitar da irin wannan a Turai a 2008, hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2011, daga nan Biotronik da Boston Scientific da St. Jude, wanda Abbott ya saye a 2017, duk suka biyo baya. Yau kusan duk sabon batirin da waɗannan kamfanonin suke sayarwa irin wannan ne.

A kati ko takardar batir zaka ga an rubuta MR Conditional, alamarsa kusurwa uku ruwan ɗorawa. Ma'ana ana shiga amma da sharaɗi. Babu batirin zuciya ko ɗaya a duniya da yake ɗauke da koriyar alamar nan ta shiga kai tsaye. Don haka in wani yace maka nawa sabo ne babu ruwansa da MRI, bai fahimci abinda aka gaya masa ba.

Sharaɗin da yafi kama mutanenmu shi ne na waya. Izinin ba na akwatin kaɗai bane, na akwati da wayoyinsa ne a haɗe kamar yadda kamfani ya gwada su tare. Batir yana yin kamar shekara 7 zuwa 12 sai a canza, kuma in za a canza akwatin kawai ake cirewa, wayoyin suna nan tunda sun riga sun manne da jijiya da zuciya. To kaga mutumin da aka sa wa batir a Indiya a 2010, aka canza masa akwati a Abuja ko Kano a 2020, akwatin sabo ne mai izinin MRI amma wayoyin na 2010 ne, wataƙila ma ba na kamfani ɗaya ba. Wannan a hukumance ya fita daga MR Conditional duk da abinda aka rubuta a sabon katin. Kuma mu nan irin wannan haɗin gambizar ba baƙon abu bane, wani Masar aka kai shi, wani Dubai, wani Saudiyya, wani kuma a shirin aikin zuciya kyauta aka yi masa inda ake amfani da abinda aka samu na taimako, har da batiran da aka ciro aka gyara aka tsaftace aka haɗa da sabbin wayoyi. Ba laifi bane, sun ceci rai, amma ranar MRI dole a san me da me ke ciki.

Sai tsohuwar waya da aka bari. Wani lokacin waya takan lalace, ciro ta kuma aiki ne mai haɗari, sai likita ya toshe kanta ya bar ta a ciki ya sa wata kusa da ita. Irin wannan wayar da bata haɗe da komai tana iya ɗaukar zafi fiye da wadda take haɗe da akwati, haka ma wayar da ta karye, haka wayoyin da aka ɗinka a bayan zuciya ta waje lokacin tiyatar buɗe ƙirji, wanda aka fi yi wa yara. Mara lafiya da yawa bai ma san an bar masa waya ba. Hoton ƙirji na eksire, wanda kusan ko'ina ana yi a Kaduna, shi yake tona wannan, likita zai ƙirga wayoyin da idonsa. Sannan yawancin kamfanoni suna so a bari sati shida bayan saka waya kafin MRI, batirin kar ya zama ya kusa ƙarewa, kuma gwajin wayoyin ya nuna suna aiki daidai.

Yanzu ga wani abu da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikin injinan MRI da ke ƙasar nan masu ƙaramin ƙarfi ne, Tesla 0.2 zuwa 0.35 haka, irin buɗaɗɗun nan da ba rami ba, saboda sunfi araha kuma basa buƙatar ruwan hiliyom mai tsada. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga injin MRI 58 a Najeriya gaba ɗaya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu masu ƙaramin ƙarfi ne, duk da an ƙara samun na Tesla 1.5 daga baya. Hankali zai ba mutum cewa ai ƙaramin inji yafi sauƙin haɗari, sai a kai Baba can. To ba haka lissafin yake ba. Kamfanonin batir akan injin rami na Tesla 1.5, wasu har da Tesla 3, suka yi gwajinsu suka bada izini, buɗaɗɗen inji kuwa maganaɗisunsa ta wata fuskar yake ratsa jiki kuma tsawon igiyar rediyonsa daban ne, yadda waya zata ɗauki zafi a cikinsa ba shi aka gwada ba. Ƙaramin inji ma yana iya rufe makunnin nan ya rikita saurare. Saboda haka tambayar Tesla nawa ne injinku tambaya ce da ya kamata ka yi tun a waya kafin ka zuba mai.

To wanda nasa tsoho ne fa, ko haɗin gambiza, shikenan nasa ya ƙare? A'a. Nan ne ilimi ya matsa sosai kuma labarin bai iso wurare da yawa ba. A 2017 an buga manyan bincike biyu a mujallar likitoci ta New England. Na farko, wanda ake kira MagnaSafe, ya bi hoto 1,500 da aka yi wa masu batiran da basu da izinin MRI, 1,000 masu pacemaker, 500 masu ICD, wato batirin da yake ba zuciya shokin, duk a Tesla 1.5 kuma ba hoton ƙirji ba. Babu wanda ya mutu, babu wayar da ta lalace, babu wanda batirinsa ya kasa bugar da zuciya lokacin hoton. An samu riset na wucin gadi a shida, sannan ICD ɗaya sai da aka canza shi nan take, kuma shi ɗin ba a saita shi yadda tsarin ya tanada ba kafin a shiga. Na biyu daga asibitin Johns Hopkins, mutum 1,509, hoto 2,103, har da na ƙirji, riset ya faru sau tara, babu wata illa mai ɗorewa ta a zo a gani. A wannan shekarar ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya cewa ana iya yi wa masu tsohon batir MRI idan hoton ya zama dole kuma an bi tsari, Turai ma ƙa'idojinsu na 2021 sun tafi a kan haka.

Amma dan Allah a karanta wannan da kyau, domin ina tsoron wani ya ɗauki lambobin nan ya je yana yi wa mai hoto gardama. Duk waɗannan mutanen an saita musu batir kafin su shiga, akwai ƙwararre zaune yana kallon bugun zuciyarsu daga farko har ƙarshe, akwai kayan farfaɗo da zuciya a bakin ƙofa, an kuma sake duba batirin bayan sun fito. Wannan tsarin ne ya kare su. Wurin hoton da bashi da likitan zuciya kusa, bashi da na'urar saiti, bai kamata ya karɓi mai tsohon batir ba ko an roƙe shi, ko mai sabon ma.

Ita na'urar saitin nan ita ce ƙashin bayan maganar, kuma ita ce tafi wahalar samu a wajenmu. Wata kwamfuta ce mai kama da jaka, ana ɗora kanta a kan ƙirji ta yi magana da batirin ta cikin fata, ba yanka ba allura. Kowane kamfani da tasa, ta Medtronic bata saita Biotronik, ta Abbott bata saita Boston Scientific. Kenan ba kawai likitan zuciya zaka nema ba, wanda yake da na'urar kamfanin batirinka zaka nema, ko ya kira wakilin kamfanin ya zo da ita, wanda sau da yawa daga Abuja ko Legas zai taso, sai an sa rana. Shi yasa shawarata ita ce kar ka fara da wurin hoto. Fara da asibitin da kake zuwa duba batir, ko sashen zuciya na asibitin koyarwa, Barau Dikko nan cikin gari ko ABU a Shika, ka nuna takardar MRI ɗin kace likita ga abinda aka rubuta mana, ya za a yi? Su zasu san wa ke da na'urar, wane inji ya dace, ko kuwa sai an tura ku Abuja ko Kano.

Ranar hoton ga yadda abin yake tafiya in an yi shi daidai. Za a fara duba batirin a rubuta lambobinsa, saura nawa ƙarfinsa, wayoyi suna ji da kyau, wuta nawa zuciya take buƙata kafin ta amsa. Sai a sa shi a saitin MRI. Wanda ya dogara da batir za a sa nasa ya dinga bugawa a kai a kai ba tare da saurare ba, a ɗan ɗaga gudun sama da na zuciyarsa don kar su yi karo, to hayaniyar inji bata da ta inda zata ruɗe shi. Wanda zuciyarsa take iya kanta kuma ana iya dakatar da bugun batirin na wannan ɗan lokacin. A cikin ɗakin za a maƙala masa abin yatsa mai auna iska da bugun jini da kuma wayoyin ECG, masu zana bugun zuciya, na musamman da suke shiga MRI, abin yatsan yana da muhimmanci domin maganaɗisu yana hargitsa zanen ECG. Za a ba shi abin toshe kunne da wata 'yar roba a hannu da zai matsa in yaji wani abu. Ku gaya wa Baba ko Hajiya tun a gida, in kinji zafi a ƙirji, ko zuciya na gudu, ko jiri, ki matsa, ba rashin haƙuri bane, domin dattawanmu akwai kawaici, sai su daure su ce kar su ɓata wa likita aiki. Hoton kan ɗauki minti 20 zuwa awa ɗaya. Da an fito a mayar da batirin saitinsa na asali a sake auna lambobin nan a gwada da na farko.

Wannan mataki na ƙarshen kar a bari a tsallake shi saboda yamma tayi ko ana sauri a kama jirgin ƙasan da zai dawo Rigasa. Saitin MRI ba saitin zama bane. Wasu sabbin batira suna komawa da kansu bayan wasu awanni, wasu na Biotronik ma ana iya kunna musu wani tsari har na kwana 14 wanda da sun ji maganaɗisun MRI zasu shiga saitin da kansu su fita da kansu, amma kai dai tambaya zaka yi da bakinka, likita an mayar da shi? Ga mai ICD kuwa abin yafi tsanani. ICD shi ne batirin da yake ba zuciya shokin idan ta shiga mummunan gudu, dole a kashe shokin ɗin kafin MRI don kar ya ɗauki hayaniyar inji a matsayin ciwo, kuma muddin yana kashe mutumin bashi da kariya. A bar shi ya tafi gida haka ba ƙaramin ganganci bane.

Kati. Duk wanda aka sa wa batir ana bashi kati mai sunan kamfani, lambar samfurin akwati, lambar kowace waya, da ranar da aka saka. Mu kuma mun iya adana abu har mu rasa inda yake. Yau ɗin nan a ɗauki hotonsa gaba da baya a waya, a tura wa 'ya'ya biyu ko uku a WhatsApp. In an taɓa canza akwati a haɗa da tsohon katin, domin lambar wayoyin wani lokacin a can take. Idan kati ya ɓata ba a rasa hanya ba, na'urar saiti tana karanto samfurin akwatin, eksire yana nuna alamar kamfani da yawan wayoyi, takardar sallama ta asibitin da aka yi aikin kuma galibi akwai sitikar wayoyin a manne, ko a Indiya ne ana iya rubuta musu su turo.

Wani lokacin ma bayan duk wannan likitocin zasu zauna su ga ba sai an yi MRI ba. CT baya da wannan matsalar da batir, kuma ga zubar jini a ƙwaƙwalwa, karaya, huhu, duwatsun ƙoda, yana bada amsa da sauri. In mutum ya faɗi baki ya karkace hannu ya saki, kar a tsaya neman wakilin kamfani, a kai shi asibiti a yi CT a lokacin. Amma akwai inda CT baya gani sosai, lakar baya da jijiyoyin da suka matse, ƙananan ƙari a ƙwaƙwalwa, gindin ƙwaƙwalwa ta baya, jijiyoyin gwiwa, to a nan in likita yace MRI yake so yana da dalili, kuma yafi kyau likitan da ya rubuta da likitan zuciya da likitan hoto su yi magana da juna maimakon a bar ɗan mara lafiya yana yawo da saƙo tsakaninsu. Abinda ba a yi shi ne ciro tsofaffin wayoyi kawai don a samu shiga MRI, haɗarin cirowar yafi na hoton. In kuma hoton zuciyar ne kanta ko ƙirji, a sani akwatin yana jefa inuwa a hoton, ICD yafi yin haka, wani lokacin sai a ce mutum ya ɗaga hannun hagu sama don akwatin ya ɗan matsa. Idan za a yi allurar ruwan da yake haska hoto za a nemi gwajin ƙoda tukuna, wannan kowa ne ba mai batir kaɗai ba.

Sai masu rakiya. Mu ba ma zuwa asibiti mu kaɗai, kuma sau da yawa mai rakiya zai ce bari in shiga in riƙe mata hannu. In kai mai rakiyar kana da batir, ko da ba kai za a yi wa hoto ba, kar ka tsallaka ƙofar ɗakin nan, naka ba a saita shi ba kuma maganaɗisun bai san waye mara lafiya ba. Haka duk wanda zai shiga a faɗi gaskiyar abinda ke jiki, laya ko guru mai ƙarfe a ciki, fil ɗin ɗankwali, kwalli a ido a wanke shi, harsashi ko ɓaraguzan da suka rage a jiki, da 'yan uwanmu masu walda da niƙan ƙarfe na Panteka waɗanda tsinin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, wannan sai an yi eksiren ido kafin a shiga.

Wanda kuma yanzu ne ake shirin sa wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa batir, yanzu ne lokacin magana, kafin a biya kuɗi. Ka tambayi likita, ranka ya daɗe wannan da za a saka, akwatin da wayoyin duka masu shiga MRI ne, kuma kamfani ɗaya ne? Na Tesla 1.5 ne kaɗai ko har da 3? Sannan wa yake da na'urar saitin wannan kamfanin kusa da Kaduna? Musamman masu fita waje, kafin ku baro asibitin can ku tabbata kamfanin da aka zaɓa yana da wakili a Najeriya, kuma a rubuta muku lambar kowace waya a takardar sallama.